Wai Alan Turing ne ya ƙera kwamfuta ta farko?

Sani: Jama'a, ni dai ina kan bakana. Alan Turing ne ya ƙera kwamfuta ta farko, kuma shi ya warware sirrin Enigma, na'urar da sojojin Jamus ke ɓoye saƙonninsu da ita a yaƙin duniya na biyu. Haka kawai Ingila za ta sa hotonsa a takardar fam 50 a 2021?

Malam Habu: Sani, magana biyu ka haɗa, kuma kowace da gyara. Marian Rejewski, masanin lissafi ɗan Poland, shi ya fara gano kan Enigma tun 1932. A Yulin 1939 mutanen Poland suka miƙa wa Ingila da Faransa duk abin da suka gano. Turing ɗorawa ya yi a Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Ingila.

Zainab: Malam, ai ɗorawar ba ƙarama ba ce. A 1940 Jamusawa suka sauya tsari, dabarar Poland ta daina ci. Bombe, na'urar warware Enigma da Turing ya tsara, Gordon Welchman ya ƙara mata kaifi, ita ta riƙe aikin. Saƙonnin sojan ruwa kuwa, mafi wuya, sashen Turing aka damƙa wa.

Injiniya Bala: Hajiya, na yarda, amma Bombe ba kwamfuta ba ce, aiki ɗaya ta iya. Abin da ke ƙona min rai shi ne Tommy Flowers. Injiniyan gidan waya ne, shi ya haɗa kwamfutar Colossus da ta fara aiki a 1944, kuma saƙonnin Lorenz, wata na'urar sirri ta Jamus, take karyawa, ba na Enigma ba. Yaƙi na ƙarewa aka wargaza yawancin na'urorin, aka ce ya kama bakinsa. Sai a shekarun 1970 labarin ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zainab: Haba Injiniya, wane kuɗi? Turing ɗin da kotu ta hukunta a 1952, ya mutu a 1954 yana da shekara 41, afuwar ma sai 2013?

Sani: To in bai ƙera ba, me ya yi?

Malam Habu: A takarda ya yi nasa, a 1936, bai wuce shekara 24 ba. Ya nuna cewa na'ura guda tak, in aka rubuta mata umarni ta karanta, za ta iya aikin kowace na'urar lissafi. Ba sai an ƙera sabuwa don kowane aiki ba, umarnin kawai za a sauya. Wayar da kake musu da ita a kan wannan tunanin take.

Sani: Ka ga! Ashe shi ne uban.

Injiniya Bala: Uban tunani, wannan ku je ku yi da Malam. Amma Konrad Zuse, injiniya ɗan Jamus, ya gama kwamfutarsa Z3 a Berlin tun 1941. Wadda ta fara adana umarni a cikinta kuwa, Freddie Williams da Tom Kilburn suka tayar da ita a Manchester a Yunin 1948, kafin Turing ya kama aiki a can.