Zumunta a ƙafa take: har yanzu kuwa?

'Yar Mandawari:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "Zumunta a ƙafa take." Kowa ya san fassararta ta sama: in kana son ɗan'uwanka, tashi ka je inda yake. Tambayata ita ce, yanzu da waya ke hannun kowa, ana gaisawa a WhatsApp, ana tura kuɗi daga kan gado, maganar nan tana nan da ƙarfinta, ko zamani ya wuce ta?

Baban Khalifa, Kwari:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai ina ganin an yi maganar ne lokacin da Kano take cikin badala. Danginka suna Yakasai, kana Koki, surukanka suna Gwale, kafin la'asar ka zaga kowa a ƙasa. Yanzu fa? Ƙanwata tana Rijiyar Zaki, yayana yana Hotoro, wata gwaggonmu tana can Naibawa. An hana ɗaukar fasinja a babur tun 2013, sannan tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin adaidaita sahu ya zama abin da sai ka yi lissafi. Kuɗin da zan kashe zuwa da dawowa, in na tura wa gwaggo, ta sayi maganinta. Wanne ya fi mata amfani, ganin fuskata ko maganin?

Malam na Ƙofar Wambai:
Alhaji, akwai gaskiya a maganarka. Malamai sun ce sada zumunci yana yiwuwa da ziyara, da kyauta, da saƙon gaisuwa, kowa gwargwadon ikonsa. Hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna wanda yake son a yalwata masa arzikinsa, a tsawaita masa kwanansa, to ya sada zumuncinsa. Ba a ce lallai da tafiya ba. Sai dai akwai wani hadisin a Bukhari: mai sada zumunci na gaskiya shi ne wanda in an yanke masa yake sadarwa, ba mai ramawa kawai ba. A nan nake ganin hikimar Bahaushe. Wanda kuka yi saɓani da shi, saƙon waya ba ya wanke zuciyarsa. Sai ka je ka yi sallama a ƙofar gidansa, ya ga ka sauke girman kai ka tako.

Hajiya Uwar Marayu:
Ɗana na Kwari, bari in ba ka amsa da abin da na gani da idona. Da maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, mutane sun yi ƙoƙari, kuɗi sun yi ta shigowa, kuma na gode, don da su muka ci abinci. Amma da aka watse daga zaman makoki gidan ya yi mini faɗi. Ina takaba, ba na fita, yara sun tafi makaranta, sai in zauna a bakin gado har azahar ban sa komai a bakina ba. Ban ga abin da zan tashi in yi ba.

Akwai wata maƙwabciyata, ba mu haɗa jini ba, mai sayar da ƙosai ce a bakin layi. Kullum in ta tashi daga suya sai ta shigo da ɗan kwanonta a rufe, ta ajiye, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta zauna kusa da ni tana tsince wake na gobe. Ba ta yi mini wa'azi, ba ta ce in daina kuka. Wata rana ta turo mini tiren ta ce, "Yaya, taya ni, idona ba ya gani sosai." Na sa hannu. Daga tsintar waken nan na fara dawowa cikin mutane. Ita ce ta sa na tuna akwai mai jiran ganina da safe, kuma ni ma ina da amfani ga wani. Wannan ba a tura shi ta banki.

Ɗalibin BUK:
Allah Ya saka mata da alheri, Hajiya. Abin da kika faɗa ya yi daidai da wani dogon bincike na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda aka fara a 1938, ana bin rayuwar mutane 724 tun suna samari har tsufa. Abin da masu binciken suka fi nanatawa shi ne kyakkyawar alaƙa da mutane ta fi dukiya da suna tasiri wajen jin daɗin rayuwa da lafiya a tsufa. Mu ma mun ɗanɗana a kullen korona na 2020. Kowa da wayarsa a hannu, amma ku tuna yadda ƙirji ya yi mana nauyi da aka ce kowa ya zauna a gida.

Autan Fagge:
Ban ƙi ba, amma ƙafar wa? Ni abin da nake gani, talakan dangi ne kullum yake takawa. Ya je gidan mai hali, a bar shi a wajen maigadi, a ce Alhaji yana barci. Ranar da aka haɗu wurin ɗaurin aure kuma shi za a yi wa gori, "Ka guje mu, ai zumunta a ƙafa take." Shi Alhajin da ke da mota bai san hanyar lungunmu ba. Ga kuma "zo mu zauna, zo mu saɓa." Wani zuwan gulma kawai yake haifarwa.

'Yar Mandawari:
Auta, ka taɓo inda yake mini ciwo. A ganina karin maganar ba laifinta ba ne, masu juya ta ne. Ba ta ce ƙafar ƙarami ko ta talaka ba. Mai mota ma ya fi kowa rashin uzuri. Kuma na yarda da Baban Khalifa rabi: ka tura kuɗin maganin, amma ko da Sallah ce ka je. Tsofaffinmu da yawa ba sa duba waya. Duk gaisuwar da muke yi wa juna a zauren dangi na WhatsApp ba ta isa ɗakinsu, su a wurinsu ba wanda ya zo.

Baban Khalifa, Kwari:
Maganar Hajiya ta shige ni. Amma har yanzu ina cewa kada a ɗora wa wanda ba shi da kuɗin mota laifi. Malam, wa ya dace ya faɗi maganar nan, kuma ga wa?

Malam na Ƙofar Wambai:
Yadda muka taso muka ji, babba ne yake faɗa wa na ƙasa da shi, cikin fara'a, in ya daɗe bai leƙo ba. Sa'a ma yana faɗa wa sa'ansa. Baƙon da aka ce masa "Kai, ka sha hanya," shi ma yana iya amsawa da ita. Yaro dai ba ya faɗa wa babba, rashin kunya ne. Auta, in an sake yi maka gorin a wurin ɗaurin aure, ka gaishe shi da ladabi, ka kwatanta masa lungunku, ka ce kana gida ranar Juma'a bayan masallaci.