Wa ya taɓa bin diddigin asalin giwar da ke tsare?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Yara sun matsa na kai su gandun namun daji na Jos, wanda aka buɗe tun 1972 a zamanin Gwamna Gomwalk. Muna tsaye gaban giwa sai babbar 'yata ta ce, "Baba, a ina aka haife ta, kuma wa ya san gaskiya ne?" Na kasa amsa. Duk wanda aiki ko tafiya ta taɓa haɗa shi da maganar tantance asalin giwa ko haurenta, ya ba mu abin da ya gani da idonsa, ban da ji-ta-ji-ta.

Likitan Bukuru: Wa alaikumus salam Malam. 'Yarka ta yi tambayar da gwamnatin Indiya ke kashe kuɗi a kanta. Lokacin da nake ƙaro karatu a can na bi wani likita zuwa ɗibar jinin giwayen da ke hannun mutane. A ƙasar, giwayen da ke tsare sun haura 2,000, wasu a wuraren bauta, wasu a hannun hukumar gandun daji, wasu na masu kuɗi ne kawai. Ana ɗibar jinin a jijiyar bayan kunne, a ɗauki hoton giwar ta kowane gefe, a rubuta tsayinta da tabon da ke jikinta, sai a aika jinin cibiyar binciken namun daji da ke Dehradun. Can ake fitar da bayanan ƙwayoyin halittarta, wato DNA, a adana.

Dalilin wahalar shi ne, da takarda ake dogara, daga baya aka koma sa wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata. To giwa ta mutu, mai ita ya yi shiru, ya ciro na'urar ya sa wa wata da aka kamo daga daji, takardar tsohuwar ta zama tata. Jini ba ya karɓar wannan wayon. Kuma idan mutum ya ce wannan ɗan giwar a gidansa aka haife shi, sai a gwada shi da uwar da ya nuna. Dokar da suka fitar a 2024 ta ce ba za a sauya wa giwa mai ita ba sai bayanan halittarta sun shiga rajistar ma'aikatar muhalli.

Baba Dillali: Likita, ai mu a kara mun saba da wannan. Saniyar sata takan zo da takardar sayayya tsaf, har da sa hannu. Abin da ke tona asiri shi ne shaidar da ke jikinta da kuma mutumin da ya san garken da ta fito. Amma ina tambaya, jinin nan ba shi da amfani sai an riga an ɗebi na uwar ko?

Likitan Bukuru: Ranka ya daɗe, ka kama bakin zaren. Sai an bi dukkan waɗanda ke tsare an ɗeba tukuna. Wadda ta bayyana daga baya ba ta cikin rajista, ba uwarta a ciki, mai ita zai yi bayani.

Hajiya Mai Atamfa: Ni sarin kaya ya kai ni Tailan, abokan tafiya suka ja ni wani sansani da baƙi ke hawan giwa. Abin da ya tsaya min a rai yawan ƙananan ne. Na tambayi mai yi mana jagora ko duk nan aka haife su, ya yi dariya ya canja magana. Daga baya na fahimci tsohuwar dokarsu ba ta tilasta yi wa giwa rajista sai ta shekara 8, kuma ta wannan ƙofar ake shigo da 'ya'yan giwa daga Myanmar a ce na gida ne. Sai a 2016 gwamnati ta ba da umarnin ɗibar DNA na duk giwayen da ke hannun mutane. Ni dai ban hau ba, tsoro ma ya ishe ni.

Tsohon Ɗan Gandu: Na yi shekaru ina sintiri a dajin Bauchi. Mu giwayenmu na Yankari ba a tsare suke ba, amma kusan haka ne, don gonaki sun kewaye su, hanyoyin da kakanninsu ke bi sun toshe. Garke ɗaya ne ke ta haihuwa a junansa. Masu bincike da muka raka ba su taɓa kusantar giwa ba, kashinta suke bi da sassafe tun bai bushe ba, su kankare saman su zuba a kwalba. Ni da na ɗauka wasa ne.

Ɗalibar Vom: Ba wasa ba ne Baba. Saman kashin yana ɗauke da ƙwayoyin da suka goge daga hanjin giwar, daga nan muke fitar da DNA. Na yi irin aikin a ɗakin gwaji, wahalarsa ita ce rana tana lalata samfur da wuri, ga matsalar wuta da firji. Da shi ake sanin namiji ko mace, wa ya haifi wa, da ko dangantaka ta yi kusa har ta fara zama illa. Ga masu kiwon giwa a tsare wannan babban abu ne, tunda cikinta wata 22 ne, toro ɗaya kuma yana iya zama uban rabin sansani. Da irin wannan bincike aka tabbatar giwar Afirka jinsi biyu ce, ta kurmi da ta fili, hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta raba su a lissafinta a 2021. Najeriya na da duka biyun: ta fili a Yankari, ta kurmi a Omo da Okomu da Kuros Riba.

Malam na Kubwa: Ni a Abuja nake. Ina wajen a Janairun 2024 da aka niƙe hauren giwa kimanin tan 2.5 da aka ƙwace. Da na ga tulin, na san ba daga dajinmu ya fito ba, don duk giwayen ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne. Mu hanya ce kawai. Wani masani, Samuel Wasser na Jami'ar Washington a Amurka, ya yi taswirar giwayen Afirka da kashinsu, yana gwada hauren da aka kama da ita. A 2015 ya nuna yawancin manyan kamun daga wuri biyu suke: yankin Tanzaniya da Mozambik, sai kurmin da ya haɗa Gabon da Kwango da Kamaru. An haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, ga shi har yau ana lodi.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai. To Likita, giwayen da ke gidajen namun daji a ƙasar nan ai ba su da yawa. Me ake bukata a yi musu irin na Indiya?

Likitan Bukuru: Ɗibar jinin ba ta kai awa guda ba idan giwar ta saba da mai kula da ita, in ba ta saba ba a yi da kashi. Babban aikin shi ne hukuma ɗaya ta riƙe rajistar, kuma kwastam da kotu su iya dubawa. Ɗalibar Vom, samfurin kashi kwana nawa yake yi a cikin ruwan adanawa kafin a kai shi firji? Akwai wanda ya tambaye ni daga Bauchi.