Lungun da titi ya cinye a bakin Jakara: ta ina ake gano gidajen da ke cikinsa a da?

Ɗan Bakin Ruwa:
Assalamu alaikum. Akwai lungunan cikin birnin Kano da suka ɓace lokacin da aka rufe rafin Jakara aka shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kansa. Idan zuri'a na son gano inda gidan kakansu yake a irin wannan lungu, da waɗanda suka zauna a cikinsa, ta ina za a fara? Akwai taswirar da ke ɗauke da sunayen lungunan?

Malam Na Soro:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye batun sunan lungu tukuna. Lungun cikin birni ba hukuma ke raɗa masa suna ba. Da sunan babban gidan da ke bakinsa ake kiransa, ko rijiya, ko bishiya, ko sana'ar mutanen wurin, kuma maigidan na rasuwa sunan kan sauya. Abu uku za ka riƙe: unguwa, laƙabin maigida, da maƙwabtansa na gabas, yamma, kudu da arewa.

Fara da mai unguwa. Idan lungun na kan iyakar unguwanni biyu, ka ga duka biyun, don a da, sau da yawa hannun dama na biyan haraji ga wannan, hannun hagu ga wancan. Daga nan sai takardun cikin adaka: takardar cinikin gida da ta rabon gado. Tsofaffin takardun da Larabci ko ajami aka rubuta su, kuma ba lambar gida suke bayarwa ba, iyaka suke faɗa: gabas gidan wane, yamma hanya, ga sunayen shaidu. Ka samu uku ko huɗu daga gidaje daban-daban, ka jera su, sai lungun ya fito da kansa, don maƙwabcin yamma a wannan takarda shi ne mai gida a waccan.

Shekarun da ke cikin takardun na Hijira ne. Don samun shekarar Miladiyya, ka ninka da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350 za ta ba ka 1931 zuwa 1932.

Rasit ɗin haraji ma yana da amfani, amma ya tsaya ne a 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, kuma maza baligai kawai yake nunawa.

Mai Awo:
Malam ya yi gaskiya, sai dai takarda ba ta nuna maka inda za ka tsaya da ƙafarka. Don wannan, buɗe Google Earth a kwamfuta, ka shiga wajen tsofaffin hotuna, ka koma baya har kafin aikin titin. Kada ka yi awo daga katangar gida. Ginin ƙasa na zubewa da damina, a tayar da shi da bulo a ci taku biyu na hanya, gado kuma ya raba gida ɗaya uku. Ka ɗauki abin da ba ya motsi: masallacin unguwa, maƙabarta, ko Dutsen Dala. Alama uku ake buƙata, biyu ba sa isa. Kududdufi yana yaudara, da yawansu an cike an yi gini a kai.

Idan an biya diyya, akwai jerin sunayen da aka yi lokacin ƙiyasta gidajen, a nema a ma'aikatar ƙasa. Sunan da ke ciki na wanda ke riƙe da gidan ne a lokacin rusau, mai yiwuwa jika ne ko wanda ya saya. Takardun zamanin En'e (hukumar gargajiya ta da) kuwa, sai Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke, da cibiyar tarihi ta Arewa House, ita ma a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a nan Kano.

Hajiya Uwar Gida:
Duk kun bi ta zaure kun bar cikin gida. Tsofaffin mata ne suka san wa ya auri wa, wace ƙofa aka huda tsakanin gida da gida, wane yaro riƙo ne ba haihuwa ba. A nemi waɗanda aka aurar daga lungun zuwa wasu unguwanni, ba waɗanda aka kawo ba, su ne suka taka shi tun suna kai talla. Mace ce za ta je, da goro ko turare, kuma kada a tara su wuri guda, babbar za ta yi magana sauran su bi ta.

Kada a ce mata "wace shekara?" A ce "zamanin wane sarki?" Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953, Sanusi daga nan zuwa 1963, Inuwa 'yan watanni, sai Ado Bayero. Ko a ɗaura da zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973.

Inda ake tuntuɓe shi ne alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko ɗan farinta ba, sai ta ce Malam, ko Mai Goro. A rubuta yadda ta faɗa, daga baya a tambayi wani sunan yanka. In ba haka ba sai a mayar da mutum ɗaya biyu, ko a haɗe Muhammadu uku su zama ɗaya.

Malam Na Soro:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Ƙari ɗaya: sunan unguwa ba hujjar asali ba ne. Ayagi an san ta da Yarabawa, Tudun Nufawa da Nufawa, Agadasawa da mutanen Agadas, amma gidaje sun sha sauya hannu ta ciniki da aure. Sannan a raba mai gida da mazaunin gida. Gidan fatake na iya ɗauke da baƙi, barori da almajirai shekara da shekaru, jikokinsu kuma duk su ce "gidanmu". Kafin a rubuta cewa gidan na wane ne, sai takardar gado ko ta ciniki ta yarda da abin da baki biyu daga gidaje daban suka faɗa.