Fuskata na saɓa, ga biki saura sati bakwai

Autar Mama: Assalamu alaikum yayyena. Don Allah ku taimaka min da shawara. Yau kwana tara da na fara shafa jel ɗin adapalene, wanda aka rubuta 0.1% a jikin kwalinsa, saboda ƙurajen da suka cika min goshi da haɓa. Safe da dare nake shafawa. Yanzu gefen hancina da kewayen bakina sai saɓa suke yi, ko ruwan alwala ya taɓa wurin sai raɗaɗi. Ƙurajen ma kamar ƙaruwa suka yi. Ga biki saura sati bakwai. In daina ne?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam amarya. Safe da dare? Ai ke kika tsokano shi. Wannan sau ɗaya ake shafa shi, da daddare. Ni da na fara a bara ma sai in shafa yau, in tsallake kwana biyu, sai da fuskata ta saba na koma kullum.

Autar Mama: Anti ni na ɗauka in na yawaita zai fi saurin aiki.

Anti Famasi: Yawan bai ƙara sauri, ƙuna kawai yake ƙarawa. Ki ajiye shi kwana uku zuwa biyar, sai raɗaɗin ya lafa. In za ki dawo, ki wanke fuska da sabulu mai laushi, ki bari ta bushe sarai, ko minti ashirin ne ki jira, don jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin zafinsa. Ki matso kamar ƙwayar wake guda, ita ce za ta wadatar da fuskar gaba ɗaya. Ki ɗiga a goshi, kumatu da haɓa, ki baza. Ba kan ƙurji ɗaya ake laftawa ba, don aikinsa shi ne hana ƙofofin fata toshewa tun kafin ƙurjin ya fito. Ki kauce wa ido, leɓe da lungun hanci. Bayan nan ki bi da man fuska mara turare. Saɓar fata da ɗan ƙaruwar ƙuraje a makonnin farko abu ne da aka sani, amma cikakken sakamako sai an yi sati takwas zuwa goma sha biyu.

Autar Mama: Sati goma sha biyu? Ai an gama biki har an kwashe kujeru.

Mai Gyaran Amare: To ni ga tawa, tunda ta shafi sana'ata. Duk amaryar da ta zo wurina a unguwar Jekadafari, nan Gombe, kafin in taɓa fuskarta sai na tambayi abin da take shafawa. Akwai wadda ta ɓoye min, muka ɗora mata halawa a saman leɓe, ina ja sai ga fata ta biyo, wurin ya yi ja kamar an zuba tafasasshen ruwa. Da ya warke ya bar baƙin tabo, ranar kamu sai hoda aka yi ta laftawa. In kina kan wannan jel, ba halawa a fuska, ba dilka a fuska. A jiki dai a yi. Lemon tsami da sabulun salo ma ki ɗaga musu ƙafa.

Hajiya Babba: 'Yan nan kuna ta maganar kwalliya, ba wadda ta taɓo babbar magana. Yarinya aure za ta yi. Na ji an ce masu ciki ba sa shafa irin wannan. Haka ne?

Anti Famasi: Hajiya kin riga ni, Allah ya ƙara girma. Haka ne. Adapalene da tretinoin, wani maganin ƙurajen, duk dangi ɗaya ne, dangin bitamin A, kuma ba a amfani da su da ciki ko lokacin da ake neman cikin. Autar Mama, in ba za ki yi tsarin iyali ba, ki daina shafa shi kafin ki tare. Gara ki je ɓangaren fata a Asibitin Koyarwa na Tarayya tun yanzu, likita ya duba ya faɗa miki abin da za ki koma kansa. Akwai azelaic acid, shi ana ba masu ciki, yana kuma taimakawa wajen tabo.

Maman Biyu: Sai maganar rana. Kun san ranar Gombe ba ta wasa. Fatar da ke kan wannan magani saurin ƙonewa take yi, mu kuma baƙaƙe da zarar fata ta fusata sai ta bar tabo, wani lokaci tabon ya fi ƙurjin daɗewa. Man kare rana mai lamba 30 ko sama da haka nake shafawa kowace safiya, ko Babbar Kasuwa kawai zan leƙa. Da hunturu kuwa, in iskar nan ta taso, sai in shafa man fuska tukuna sannan in ɗora jel ɗin a kai.

'Yar Pantami: Ni ƙawata ce ta ba ni wani haɗaɗɗen mai a roba mara suna, kwana huɗu fuskata ta yi sumul. Ko in turo miki lambar mai haɗawa?

Anti Famasi: Don Allah kar ki turo. Abin da ke share fuska cikin kwana huɗu yawanci sitiroyid ne a ciki, irin su clobetasol ko betamethasone. Farko ya yi kyau, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, ƙananan ƙuraje su feso iri ɗaya. Kina dainawa su dawo da rakiya. Duk abin da za ku saya, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Kar kuma a bar jel a mota ko bakin taga, zafi na ɓata shi.

'Yar Pantami: Innalillahi. Wata biyu ke nan ina shafawa.

Anti Famasi: Kar ki yanke shi dare ɗaya, ki ɗauki robar ki kai wa likita ya gani. Autar Mama, ke kuma in kika ga fuska ta kumbura, ko ta yi bororo tana ruwa, wannan ya wuce saɓa, ki daina ki tafi asibiti a ranar.

Autar Mama: Na gode Anti, na gode Hajiya. Na ajiye shi daga daren yau, Litinin zan je a duba ni. Anti mai gyara, ki sa ni a layi, amma jiki kawai.

Mai Gyaran Amare: An sa ki. Ki zo da kwalin jel ɗin in gani da idona.