Abincin Meziko ya shigo gidana: yaya zan kauce wa man alade, kuma me ke farfasa mini tortiya?

Bakatsiniya a Houston:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a nan Amurka, musamman mutanen Tekzas da Kalifoniya.

Aikin maigida ne ya kawo mu Houston, kuma unguwar da muka sauka kusan kowane lungu akwai mai sayar da abincin Meziko, wasu a shago, wasu a cikin mota. Tun ba a je ko'ina ba yarana suka kamu. Autana ko tuwo na tuƙa sai ya tura baki, shi tako yake so, wato waina ta masara da ake naɗe nama a ciki, wai shi abokansa suke zuwa da shi makaranta. Ni ma ba zan ɓoye muku ba, ƙamshin gasasshiyar masarar da ke tasowa daga gidan maƙwabciyata da safe yana tsinka mini yawu.

Maƙwabciyar tawa dattijuwa ce, 'yar jihar Jalisco ta Meziko, mace mai kirki. Turancinta kaɗan ne, ni kuma Sifaniyanci ko zo in kashe ki ban sani ba, da hannu muke hira. Da muka tare ta aiko jikarta da kwano cike da tamal, wato ƙullin masara da nama a ciki, an naɗe shi a ɓawon masara an turara. Na karɓa na yi godiya, amma maigida ya ce a dakata, don ya ji ana cewa da man alade ake kwaɓa shi. Abin ya tsaya mini a rai, ga kunyar tsohuwa, ga tsoron cin haram.

To ga tambayoyina. In mun shiga gidan abincinsu, me za mu ci da kwanciyar hankali, me za mu ƙyale? Sannan na kwaɓa garin masarar da nake tuwo da shi don in yi tortiya, wannan siririyar fankasun masarar da suke naɗe nama a ciki, amma ko ɗaguwa ba ta yi, sai ta farfashe a hannu. Na ƙara ruwa, na rage, na sa ruwan zafi, duk ɗaya. Ita kuwa tsohuwa tata har ninke ta ake yi ba ta tsage ba. Wane sirri ne ba a faɗa mini ba?

Hajiyar Shikago:

Wa alaikumussalam ƙanwata, barka da zuwa. Maigidanki ya yi gaskiya. Tamal na gida da man alade ake buga ƙullinsa, shi yake sa shi laushi, sai dai in an ce miki da man girki aka yi. Sunan man alade a bakinsu manteka, ki riƙe wannan kalmar da kyau, don ita za ki riƙa tambaya. In kin nuna abu kin ce "tiyene manteka?" kowa zai gane nufinki. Alade kuma su ce fuwerko ko serdo.

Matsalar ba naman da ido ke gani ba ce, wanda yake ɓoye ne. Waken nan da suke dafawa su dame shi a kasko, wanda ake ajiyewa gefen faranti da shinkafa, yawanci da manteka ake soya shi. Akwai wani mai romo da ake kira charros, shi har yankakken naman alade ake zubawa. Tortiyar fulawa ta gargajiya ita ma da manteka ake murza ta, ko da yake ta kanti sau da yawa da man girki ce, ki dai juya ledar ki karanta. Tortiyar masara kuwa babu komai a cikinta sai masara da ruwa, wani lokaci da ɗan gishiri. Ita ce abokiyar tafiyarki. Karnitas, chorizo, chicharron, duk alade ne. Fozole, romon masarar da suke yi a bukukuwa, shi ma galibi da alade ne.

Batun tortiyarki kuwa, ba hannunki ba ne, garin ne. Garin tuwo ba zai taɓa yi ba ko za ki kwana kina murzawa. Ki je babban kantin Fiesta ko na H-E-B ki nemi garin da aka rubuta masa harina a jikinsa, wanda ya fi yawa shi ne Maseca. Kofi 2 na gari, kofi ɗaya da rabi na ruwan ɗumi, gishiri ɗan kaɗan. Ki kwaɓa har ya daina kama hannu, ki rufe da tsumma mai danshi ya huta kamar minti 20. Ki mulmula ɗaya ki danna da yatsa: in gefen ya tsattsage, yana son ruwa, in ya manne miki, ƙara gari. Sai ki yanka leda gida biyu ki sa curin a tsakani, ki danne da gindin tukunya in ba ki da abin matsawarsu. Kasko busasshe, ba mai ko ɗigo, kuma ya yi zafi sosai. Rabin minti ki juya, minti ɗaya ki sake juyawa, ki ɗan danna tsakiyar da yatsa. In ta kumbura kin ci nasara. Kina saukewa ki sa a cikin tawul ki rufe, tururin ne yake ƙarasa laushin. Mutane da yawa nan suke faɗuwa, su baje ta a faranti iska ta busar da ita.

Ita kuma tsohuwar nan kada ki bar ta cikin duhu. Ki sa jikar ta fassara miki, ki gaya mata gaskiya cewa ba kwa cin alade. Ba a jin haushin wannan, abin da ake jin haushi shi ne a gane kwanon da aka aiko ya tafi shara.

Direban Tirela:

Anti, ni hanyar Laredo da El Paso, garuruwan kan iyakar Meziko, nake bi da kaya, abincin nan shi ne abincina a kan titi, don haka bari in ƙara a kan abin da Hajiya ta ce.

Akwai wanda yake kama Bahaushe da yawa. Za ki ga nama a soke a ƙarfe a tsaye yana juyawa gaban wuta, da abarba a samansa, ki ce ai shawarma ce. Tushensa shawarma ɗin ne kuwa, Larabawan Labanan da suka yi ƙaura zuwa Meziko, musamman garin Puebla, su suka zo da salon gashin. Amma da ya zama ɗan gida sai aka maye ragon da alade. Shi ne al fastor. Ki yi nesa da shi komai ƙamshinsa.

Kifi ma a bi a hankali. Takon kifi irin na yankin Baja a Meziko, wanda ake tsoma kifin a kwaɓin fulawa a soya, sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawar. Ni gasasshe nake cewa a ba ni, ko jatan lande. Akwai kuma wake mai suna borrachos, shi ma da giya ake dafa shi. Sannan ki leƙa farantin ƙarfen da suke gashi a kai. A motocin titi ƙarfe ɗaya ne, a kansa ake soya chorizo, a kansa ake ɗumama tortiyarki. In na ga jan mai yana kwance a kai, sai in ce a goge gefe ko in wuce gaba. Yawancinsu ba sa musu, wasu har takardar gashi suke shimfiɗawa.

Abin da nake ci ba fargaba: gwakamole, wato fiya da aka dame da lemun tsami, albasa da gishiri, salsa, wato haɗin barkono da tumatir da ake zuba wa abinci, gasasshiyar masara da suke yayyafa wa barkono da cuku, kesadiyar cuku zalla a tortiyar masara, da ƙwai da tumatir da albasa da safe. Shinkafarsu ja 'yar uwar dafa-dukarmu ce, sai dai su suna soya ɗanyar shinkafar a mai tukuna kafin su zuba tumatir da romon kaza.

Kuma in kin ga manyan tulunan gilashi a jere da abin sha, je ki da ƙarfinki. Jan nan da suke kira hamaika zoɓo ne, zoɓonmu sak, citta da kanumfari kawai ya rasa. Na kusa da shi mai launin ƙasa tsamiya ce. Farin kuma orchata, na shinkafa da kirfa.

Wani abu da ba a faɗa wa baƙo: yawancin abin da ake sayarwa a Houston, mai narkakken cuku rawaya a kwance a kai, ɗan Tekzas ne, shi ake ce wa Tex-Mex. Fahita ma, wato gasasshen nama yanka-yanka da ake ci da tortiya, a nan Houston ta yi suna, a gidan abincin Ninfa da ke titin Navigation, wanda aka buɗe a 1973. In kika tsallaka iyaka, tako ɗan ƙarami ne, tortiya biyu a haɗe, nama, albasa, ganyen silantro, a matse lemun tsami, shi ke nan. Maƙwabciyarki irin wannan take yi, na tabbata.

Bazazzage:

Malama, ni ina gida Najeriya, amma sarrafa hatsi shi ne fannina, kuma tambayarki ta biyu ta faranta mini rai.

Dalilin da ya sa garinsu yake haɗe jiki namu ba ya yi shi ne su ba sa niƙa masara a bushe. Dafa ƙwayar suke yi a ruwan da aka zuba wa farar ƙasa irin wadda aka tace don abinci, su suna kiranta kal, kimanin gram 10 ga kilo ɗaya na masara. A bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke a murje, ɓawon ya saɓule, sai a markaɗa ta da danshinta. Wannan dahuwar tana narkar da ɓawon, tana sauya sitacin, shi ne ƙullin yake samun danƙo. Garin Maseca wannan ƙullin ne aka busar aka mayar gari. Ƙamshin da kike ji daga gidan tsohuwa ma daga nan yake, masarar da ba ta sha wannan ruwan ba ba ta yin sa.

Kuma ba don daɗi kaɗai ba ne. Masara tana da sinadarin niyasin, wani nau'in bitamin, amma a ɗaure yake, jiki ba ya iya zuƙarsa sai an yi mata wannan dahuwar. Masarar daga kudancin Meziko ta samo asali, wajen shekara 9,000 da suka wuce. Da Turawa suka kwashe ta suka yaɗa a duniya, irin suka ɗauka suka bar dabarar. Shi ya sa talakawan da suka dogara da masara kaɗai a Sifen da arewacin Italiya, daga baya kuma kudancin Amurka, suka yi fama da cutar felagra, mai lalata fata da kawo zawo da taɓin hankali. Wani likita, Gaspar Casal, ya bayyana ta a Sifen tun 1735. Dahuwar tana kuma rage gubar afalatoksin da ke kama masarar da ba a shanya da kyau ba, kuma mu nan kowa ya san yadda damina take yi wa rumbu.

Ga 'yan uwa da ke gida masu son gwadawa, ruwan toka yana yi. Mutanen can ma tun asali akwai masu amfani da tokar itace, mu kuma tace toka ba baƙon abu ba ne a madafarmu. A dafa masara a ciki har ɓawon ya fara saɓulewa in an murza, ta kwana, a wanke sosai, a kai inji a markaɗa da ruwa kaɗan ƙwarai. Kada dai wani ya ɗebo farar ƙasar magina ya zuba a tukunya, ba ta abinci ba ce.

Ɗan Damagaram:

Duk kun zagaye babbar magana. An cire alade, to saniyar da kazar wa ya yanka su? Ni na san akwai masu cewa yankan ma'abota littafi ya halatta, akwai masu cewa na masana'antun Amurka bai cika sharaɗi ba. Kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai a waje kifi da wake nake ci, nama sai a gida. Kuma don Allah wa ya ce a riƙa zuba cakulan a miyar kaza? Na ɗanɗana miyar nan da suke kira mole sau ɗaya, har yau ban yanke hukunci ba.

Hajiyar Shikago:

Ɗan Damagaram, cakulan ɗin kaɗan ne a cikin mole, busasshen barkono iri-iri ne jigonsa, da riɗi da gyaɗa ko almon. Amma shi ma a tambaya, don akwai masu soya kayan haɗinsa da manteka.

Bakatsiniya a Houston:

Allah ya saka muku da alheri, Allah ya bar zumunci. Hajiya, na sayo garin, na bi yadda kika ce, kuma sun kumbura, ba duka ba amma sun kumbura. Yara a tsaye suka cinye su a bakin murhu da ɗan gishiri kawai.

Na kuma je wajen tsohuwa da jikarta. Da aka fassara mata sai ta dafe ƙirji, ta yi ta magana da sauri, wai me ya sa ban faɗa tun ranar ba. Sai ta ce ai abincin jiharsu da suka fi alfahari da shi ma ba na alade ba ne, birriya ce, kuma da akuya ake yin ta. Maigida ya sayo naman akuya a shagon halal da ke Hillcroft, ta shigo kicin ɗina da ledar barkononta. Busassu ne manya, wani ja mai santsi da take kira gwahiyo, wani baƙi mai yamutsattsen jiki, ancho. Ta cire 'ya'yan, ta ɗora su a busasshen kasko na ɗan lokaci kaɗan, tana nuna mini da yatsa cewa in suka ƙone ɗaci za su yi. Ta jiƙa su a ruwan zafi, ta markaɗa da tafarnuwa, tumatir, kanumfari, kirfa, kumin da ɗan khal, ta shafe naman, muka rufe tukunya a ƙaramar wuta wajen awa uku, har naman yana rabuwa da ƙashi da kansa. Romon ja wur, amma yajin bai kai ko rabin na farfesunmu ba. Maigida sai da ya yanka attaruhu a nasa, tsohuwa tana kallonsa tana dariya, ta ce irinsa suna da shi, habanero, mutanen yankin Yucatán na ƙasarsu ne suke cinsa haka.

Ta ce in Babbar Sallah ta zo in ajiye mata cinyar rago ta nuna mini barbakowa, naman da suke dafawa a hankali har ya yi lugub. Saura tamal. Ta yarda za mu gwada ba manteka, amma tana kokwanton man girki zai ba shi laushin da take so. Ina da man shanun da aka kawo mini daga Katsina, akwai kuma kitsen rago. Malam Bazazzage, wanne zai fi buguwa da ƙullin, kuma a narke ake zuba shi ko a daskare?