Agogon Armistead: 'yan'uwantaka ce ko ƙarin gishiri?

Tsohon Soja: Salamu alaikum jama'a. Hoton da na tura, mutum-mutumi ne a maƙabartar sojoji ta Gettysburg a Amurka. 'Yan ƙungiyar Mason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka ta sirri, na jihar Pennsylvania suka kafa shi a 1993. Wanda ke kwance Janar Lewis Armistead ne na rundunar Kudu a yaƙin basasar Amurka, wanda ya durƙusa kansa kuma Kyaftin Henry Bingham na Arewa, Armistead na miƙa masa agogonsa. Ranar 3 ga Yuli 1863 harsashi ya kayar da Armistead, ya yi kiran neman agaji irin na 'yan Mason, Bingham ya ji ya rugo. Abokin gaba fa! Mu da muka sha ƙurar daji mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam Baba. Haɗuwarsu gaskiya ce, kuma dukansu 'yan Mason ne. Batun kiran ne nake da ja a kai. Bingham da kansa ya rubuta wa Janar Hancock na rundunar Arewa wasiƙa a 1869, ya zayyana yadda suka haɗu da saƙon da Armistead ya ba shi, amma bai ce ƙungiya ce ta kai shi wurin ba. Hafsa ne a ƙarƙashin Hancock, an ce masa an kama babban jami'in abokan gaba da rauni, ya je ya duba. Aikinsa ke nan.

Tsohon Soja: Haba Malam, ƙungiyar asiri ce. Ka taɓa jin ɗan asiri ya fasa ƙwai a takarda?

Malamin Tarihi: Idan shirunsa shi ne hujja, Baba, to duk abin da mutum ya ga dama sai ya jingina masa.

Uwar Biyu: Ni dai tun da na ji Mason jikina ya yi sanyi. Ba tsafi suke yi wa gawar ba?

Ɗan Landan: Hajiya, abin da ake gani a fili dai ba ya wuce wannan: farin gyauton fatar ɗan rago da mamacin ke ɗaurawa a taro, sai a ɗora shi kan akwatin gawa, a jefa reshen wata bishiya dangin bagaruwa cikin kabari. Wasu zaurukan nasu, wato rassan ƙungiyar, suna ajiye kujera babu kowa a kanta, ta wanda ya tafi yaƙi bai dawo ba. A nan Landan ma babbar hedikwatarsu da ke titin Great Queen, wadda aka gama a 1933, don tunawa da mambobinsu sama da 3,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gina ta. Sunayensu na rubuce cikin wani akwatin tagulla, kuma ana barin baƙi su shiga su gani.

Uwar Biyu: Wanda ake bari a gani ke nan. Allah Ya tsare mu.

Malamin Tarihi: Amin. Ku lura da abin da Ɗan Landan ya kawo: wancan jerin sunaye ne, wane ya mutu, zaurensa kaza, babu wanda zai yi musu. Na Gettysburg kuwa labari aka sassaƙa, shekara 130 bayan faruwar abin. Kuma agogon da ake miƙawa a hoton, ai wurin Hancock aka nufa da kayan. Shi da Armistead aminan juna ne tun suna aiki a Kalifoniya kafin yaƙi ya raba su. Ga amincin shekara da shekaru a fili, me zai kai mu neman ɓoyayyen dalili?

Tsohon Soja: Hancock ɗin ma ɗan Mason ne, ka manta?

Malamin Tarihi: Ban manta ba, ranka ya daɗe. A zamanin, hafsoshi da yawa na ɓangarorin biyu suna cikinta, shi ya sa samun uku a wuri ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Ɗan Landan: To sun sake ganawa, aminan?

Malamin Tarihi: Ina! A ranar aka harbi Hancock shi ma. Armistead kuwa aka kai shi asibitin da aka kafa a gonar Spangler, ya cika ranar 5 ga Yuli.

Tsohon Soja: Ni dai ban sauka ba. Malam, ka nemo mana wasiƙar nan ka turo, in sa tabarau in karanta da kaina bayan isha'i.