Sautina yana fashewa da daddare, ku taimaka da shawara

Mai Haya: Salamu alaikum. Babur ɗina na sayar na haɗa kayan sauti don haya a biki da walima, har yau surukina bai daina yi min gori ba. Ranar Asabar a bikin ƙanwar matata, da rana lafiya lau, bayan magariba da zarar ganga ta buga sai jar fitilar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta kama, murya ta fashe. Twita ɗaya, wato ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti, ta ƙone a gaban dangi. Mai gyara ya ce sauran kayan lafiyarsu ƙalau. Ina da walima Juma'a, na karɓi kuɗi. Ya zan yi?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam. Ka auna wutar? Ya kamata ta zama bolt 230, amma bayan magariba kowa ya kunna kaya, tana iya faɗowa 180. Amfilifaya mai babbar tiransifoma abin da aka ba ta take rabawa. A ce a 230 tana samun bolt 60 a ciki, to a 180 sai ta koma kusan 47. A lasifika mai om 8 (om ma'aunin turjiyarta ga wuta ne), wat 225 ɗinka ya koma kusan 138 ke nan. Kai kuwa maɓallin ƙara sauti yana inda yake tun rana. Bugun ganga ya nemi 60 ya tarar da 47, sai a yanke masa kai. Wannan yankan ne fashewar da ka ji, shi ke dafa twita.

Mai Haya: Baba ai ni ban taɓa maɓalli ba wallahi.

Baba Injiniya: Matsalar ke nan, yaro. Da ka rage.

Ɗan Kasuwa: Oga sayi sitabilaiza kawai ka huta.

Abu Mai Lasifika: Wace sitabilaiza? Tawa ƙas-ƙas take yi duk dare, a lasifika ake jin ta. Kuma masu gyara duk haka suke, wani ya riƙe min miksa wata uku, da ya dawo da ita an canja kayan ciki. Allah ya isa.

Baba Injiniya: Abu, taka mai rile ce, wato makunnin da ke ƙas-ƙas ɗin nan, ba ta bin bugun bas, wato sauti mai kauri irin na ganga. Mai Haya, wutar layi ce ko janareta? Wayarka tsawon nawa? Siririyar waya mai tsawo ita ma cin bolt take yi, daidai lokacin da bas ya ja wuta.

Mai Haya: Daga gidan maƙwabci muka jawo, amma wayar sabuwa ce, mai tsada. Janareta kuma mai ya yi tsada, riba nawa za ta rage?

Ɗan Kasuwa: To ƙara amfilifaya ta biyu.

Baba Injiniya: A kan wayar nan? Sai wutar ta ƙara faɗuwa. Ka rage sauti har jar fitila ta daina kamawa, ka rage bas, ka auna wuta a bakin amfilifaya tana cikin aiki.

Mai Haya: Na gode Baba, amma idan na rage sauti masu biki cewa za su yi kayana ba su da ƙarfi. Ni dai ina zargin twitar ce jabu. Wa ya san inda zan samu ta asali kafin Juma'a?